Sababi da Ƙaddara a Wayarin Fitilun Mota

Daga cikin tsofaffin mas'alolin da malaman tauhidi da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kansu akwai mas'alar alaƙar da ke tsakanin sababi da abin da yake biyo bayansa, wato ko wuta ce take ƙona auduga da ƙarfin kanta, ko kuwa ƙunar tana aukuwa ne a daidai lokacin da suka haɗu alhali mai aikatawa na haƙiƙa shi ne Allah Maɗaukaki. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin muhawarar zaure wadda ba ta da ta cewa a kasuwa ko a gareji, sai dai akwai sana'o'in da tun daga tushe a kan neman sababi aka gina su, kuma kaɗan ne suke fito da hakan fili kamar sana'ar mai gyaran wayarin mota, wanda direbobi suke kira riwaya. Idan fitilar burki ta ƙi kamawa, ko sigina ta riƙa ƙiftawa da sauri fiye da kima, aikin wannan mutum shi ne ya tashi daga alamar da ido yake gani ya bi sawunta har ya isa ga dalilin da ya ɓuya. Abin tambaya shi ne wane irin sani yake aiki da shi, in har ya yi imani cewa babu mai tasiri a halitta sai Allah, kuma ko wannan sanin ya kai ƙarfin da za a ɗora wa mutum alhaki idan ya yi watsi da shi.

Ba a fahimtar aikin sai an san yadda wuta take tafiya a jikin mota. Batirin ƙaramar mota yana ba da bolt 12, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da yake tura wutar, yayin da manyan motoci irin su tirela da tanka suke aiki da bolt 24. Wutar tana fita daga kan batir ta ratsa ta fiyus, wato ɗan siririn ƙarfen da aka yi domin ya narke idan wutar ta wuce kima, ta bi ta makunni, wani lokaci ta bi ta rile, wanda shi ma makunni ne da ƙaramar wuta take sarrafawa domin ya saki babba, sannan ta shiga ƙwan fitila. Amma ƙwan ba zai kama ba sai wutar ta sami hanyar komawa ɗaya kan batirin, kuma a nan masu ƙera motoci suka yi tsimin waya, domin maimakon su ja wata doguwar waya ta komawa sai suka ɗaure kan batir na biyu a jikin bodi, kowace fitila kuma aka ba ta gajeriyar waya da ake ɗaurewa da noti a ƙarfen da ke kusa da ita. Wannan haɗin shi ne 'yan gareji suke kira at. Ma'anar wannan tsari ita ce rabin hanyar wutar yana cikin ƙarfen motar ne, inda ba a ganin wata waya da za a bi, kuma matsalolin da suka fi rikita mai koyon aiki galibi daga wannan rabin suke tasowa.

A fitilar baya ta motoci da yawa akwai ƙwai guda mai zare biyu a cikinsa, ɗaya mai wat 21 na burki, ɗaya mai wat 5 na ƙaramar fitilar dare, kuma shi da ƙwan sigina duk at ɗaya suke tarayya a kai. Idan tsatsa ta ci wurin da aka ɗaure wannan at ɗin, abin da yake yawan faruwa ga motocin da aka shigo da su daga Turai bayan sun yi shekaru suna shan gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu, ko waɗanda ruwan damina ya kwanta a but ɗinsu, sai a ga abin da ya yi kama da ruɗu. Direba ya kunna siginar hagu, fitilar burki ta riƙa ƙiftawa tare da ita da rauni. Ya taka burki, ƙananan fitilun gaba su yi ɗan ja-ja. Ya kunna fitilun dare sannan ya sake taka burkin, ƙwan ɓangaren da ke da matsala ya mutu ɗungum. Bayanin kowanne ɗaya ne. Wutar da ta rasa hanyarta ta komawa ta juya ta shiga ta zaren da ke maƙwabtaka da ita ta baya, ta bi wayarsa har ta sami at mai lafiya a wata fitila, kamar yadda ruwan sama yake bi ta gidan maƙwabci idan ya tarar an toshe kwata. Mutuwar ƙwan kuwa tana faruwa ne saboda turin wuta ya zama daidai a ɓangarorinsa biyu, babu inda ya fi wani ƙarfi balle ta gudana. Duk fitilun da suka nuna alamar lafiyarsu ƙalau, cutar tana ƙarƙashin noti ɗaya da babu wanda ya kalla, kuma wanda ya yi ta canza ƙwayaye zai kashe kuɗin mai mota a banza.

Hanyar da ƙwararren riwaya yake bi domin ya kuɓuta daga wannan ruɗu sananniya ce ga ɗaliban usulul fiƙihu, wato ilimin ƙa'idojin da ake ciro hukunci da su, ko da yake shi bai san ta da sunanta ba. Malaman wannan fanni suna da abin da suke kira assabru wattaƙsimu, wanda yake nufin a tattaro dukkan siffofin da za su iya zama illar hukunci, sannan a jarraba su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da waɗanda ba su tsaya ba har a rage da guda. Haka mai wayarin yake yi da testarsa, wadda ƙaramin ƙwai ne da aka haɗa da tsinke da waya mai ɗan maƙali. Yana fara tambayar ko fitila ɗaya ce ta mutu ko duka biyun, domin mutuwar biyu lokaci guda tana nuni zuwa ga abin da suke tarayya a kai, fiyus ko makunnin da ke saman fedar burki, mutuwar ɗaya kuwa tana nuni zuwa ƙwai ko soket ko wayar wannan ɓangaren. Daga nan sai ya raba hanyar gida biyu ya gwada tsakiya, in ya sami wuta ya san matsalar tana gaba, in bai samu ba ya koma baya. Akwai kuma abin da malaman suke kira dawarani, wato a ga hukunci yana samuwa idan siffa ta samu yana kuma gushewa idan ta gushe, kuma shi ne hujjar ƙarshe ta mai aikin, lokacin da ya ɗauko wata waya ya dangana kanta ɗaya a jikin soket ɗaya kuma a ƙarfe mai tsabta, fitilun suka daidaita, ya ɗauke ta ruɗun ya dawo, ya mayar ya sake gushewa.

Wani rabe-raben da usulu ya zo da shi ya fi wannan amfani a nan, shi ne bambancin sababi da sharaɗi da mahani. Sababi shi ne abin da samuwarsa take jawo samuwar abu, rashinsa kuma yake jawo rashinsa. Sharaɗi shi ne abin da rashinsa yake hana abu samuwa, amma samuwarsa kaɗai ba ta isa ta kawo shi ba, kamar alwala ga salla. Mahani kuwa shi ne abin da samuwarsa take toshe hukunci ko da sababi da sharaɗi sun cika. Taka burki sababi ne na kamawar fitila, lafiyar fiyus da ta at sharuɗɗa ne, tsatsar da ta yi kore a bakin soket mahani ce. Amfanin riƙe wannan bambanci yana bayyana a wani tarko da mitar awon wuta take ɗana wa masu gaggawa. Mitar zamani kusan ba ta jan wuta ko kaɗan idan tana awo, saboda haka idan waya ta rube har ta rage silin tagulla ɗaya, mitar za ta nuna bolt 12 cif a bakin soket, amma da an saka ƙwan burki, wanda yake buƙatar kusan ampiya 2 domin ya kama, sai ƙarfin ya zube a wurin ruɓewar. Ampiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana, kuma dangantakarta da bolt da kuma turjiyar waya ita ce Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana a 1827. Saboda haka masu sanin aiki suke awo alhali fitilar tana kunne, su duba abin da ya zube tsakanin farkon waya da ƙarshenta, in ya haura kusan rabin bolt su san akwai mahani a tsakani. Mitar ba ta yi ƙarya ba a karo na farko, ta tabbatar da samuwar sharaɗi ne kawai, mai karanta ta shi ne ya yi gaggawar ɗaukar sharaɗi a matsayin cikar komai.

To wannan sani da ake tarawa ta hanyar gwaji, mene ne matsayinsa? Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna batun a mas'ala ta 17 daga cikin 20 na littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a Bagadaza a 1095. Abin da ya tsaya a kai shi ne cewa ido yana shaida aukuwar ƙuna a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ba ya shaida cewa wutar ce ta samar da ƙunar, kuma haɗuwar abubuwan biyu ba ta cikin abin da hankali yake wajabtawa, Allah ne ya gudanar da al'adarsa a kan halittar ɗaya tare da ɗayan. Manufarsa ita ce ya bar ƙofar mu'ujiza a buɗe, irin wutar da ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut da hujja mai nauyi, cewa ana sanin abubuwa ne ta ayyukan da suka keɓanta da su, don haka wanda ya kore sabubba ya kore ilimi gaba ɗaya, domin ba zai sake samun abin da zai bambanta wuta da ruwa ba. Fiye da ƙarni shida bayan Gazali, wani masanin falsafa ɗan ƙasar Sikotland, David Hume, ya kai ga matsaya mai kama da rabin farko na maganar Gazali a littafin da ya fitar a 1739, ko da yake shi ya mayar da al'adar ga zuciyar ɗan Adam ne.

A ƙasar Hausa wannan bahasi ya iso ne galibi ta littattafan Shehu Muhammad bin Yusuf Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai Ummul Barahin da almajirai suke karantawa a zaure. Sanusi ya raba hukunci gida uku, na shari'a da na hankali da na al'ada, ya kuma bayyana na al'ada a matsayin tabbatar da alaƙa tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, tare da yarda cewa alaƙar tana iya saɓawa kuma ɗayansu ba shi ne yake yin tasiri a ɗayan ba. Akwai manyan malamai, irin su Ibn Taimiyya wanda ya rasu a 1328, da suka saɓa wa wannan suka ce Allah ya sanya ƙarfi na gaske a cikin sabubba, suna aiki da izininsa. Saɓanin na gaske ne kuma bai kamata a raina shi ba, amma abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin ɓangarorin da ya ce a daina bin sababi. Gazali da kansa ya amsa wa masu cewa maganarsa za ta sa mutum ya bar littafi a gida ya ji tsoron tarar da shi ya rikiɗe ya zama dabba, inda ya nuna cewa Allah yana halitta wa bayi sani tabbatacce cewa al'adar za ta ci gaba a kan yadda aka saba. Idan aka auna da adalci, sukar Ibn Rushd ta fi dacewa da wasu masu jingina kansu ga Gazali fiye da Gazalin, domin a wajensa da wajen Sanusi tsayuwar al'ada aikin Allah ne, mai bin waya yana karanta yadda Allah ya saba gudanar da halittarsa ne, kuma wannan ya isa ya zama sani abin dogaro.

Inda ake zamewa shi ne a wurin fitilar da take kawowa tana ɗaukewa. Wannan ita ce matsala mafi cin rai a sana'ar, domin sau da yawa da an kai mota gareji sai fitilar ta kama lafiya, da an hau hanya mai gargada sai ta mutu. Wasu masu mota, har da wasu masu gyara, idan abin ya ishe su sukan jingina shi ga baki ko sammu, ko su ce haka Allah ya so, su rufe bonet. Wanda ya yi haka ya cakuɗa abubuwa biyu da malaman tauhidi suka raba. Yiwuwar saɓawar al'ada, wadda suka tabbatar domin mu'ujizar annabawa da karamar bayin Allah, magana ce a kan abin da ikon Allah ya game, ba ta zama bayani ga kowane abin da ya gagari mutum ba. Fitilar da take ɗaukewa tana bin al'ada sau da ƙafa, sharaɗinta ne yake zuwa yana tafiya. Wurin da ya fi yawan ɓoye irin wannan shi ne inda damin waya yake ratsawa daga bodi zuwa murfin but, domin buɗewa da rufewa na shekaru suna karya tagullar a cikin robarta alhali robar tana nan lafiya a ido. Mai haƙuri yakan kunna fitilar ya sa yaronsa ya tsaya yana kallo, shi kuma ya bi damin yana lanƙwasa shi taƙi bayan taƙi, har ya zo wurin da taɓawa take sa hasken rawa. Wanda ya kira jahilcinsa da sunan ƙaddara ya jingina wa aƙida abin da ba ta faɗa ba, kuma wannan ya fi kuskuren aiki muni.

Akwai wani nau'in gujewa sababi da ya fi wannan haɗari, shi ne abin da ake yi wa fiyus. An yi fiyus domin ya kare waya, kuma an bambanta girmansa da launi, ja mai ampiya 10, shuɗi mai 15, rawaya mai 20, kore mai 30. Idan ya ƙone aka saka sabo ya sake ƙonewa nan take, wannan shaida ce cewa wata waya ta goge tana taɓa bodi, wuta tana komawa batir ba tare da ta ratsa ƙwai ba. Hanyar gano wurin ba ta da tsada, domin in aka haɗa ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin zai haska da ƙarfi muddin taɓawar tana nan, ya dushe da zarar an ɗaga wayar da ta goge. Amma abin da ake yawan gani shi ne a cusa fiyus mai 30 a gurbin mai 10, ko a naɗa silin tagulla a maƙala, fitila ta kama, mai mota ya biya ya tafi yana godiya. Abin da aka yi a nan shi ne an kashe mai ba da shaida an bar laifin, kuma zafin da ya kamata ya narkar da ɗan ƙarfen da bai kai farce ba, zai koma ya narkar da robar damin waya a ƙarƙashin kujera ko bayan dashbod, inda gobarar mota take farawa.

Nauyin wannan duka yana fitowa ne daga wata siffa ta fitilun waje da ba a cika tsayawa a kanta ba, wato mafi yawansu ba don direban aka yi su ba. Fitilar gaba tana haska masa hanya, amma fitilar burki da sigina da ƙananan fitilun baya saƙo ne zuwa ga wasu mutane, shi da yake zaune a kan sitiyari ba ya ma ganinsu. Tirelar da take tafiya cikin dare a hanyar Kano zuwa Zariya babu jan haske a bayanta ba ta rage wa direbanta komai ba, wanda ta cuta shi ne mai ƙaramar motar da ke tafe a baya da fasinjojinsa. Fiƙihun Malikiyya ya san irin wannan yanayi tun kafin a ƙera mota. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya tabbatar a Risala cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka, Imamu Malik kuma a Muwaɗɗa ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar jama'a a inda bai halatta ya yi hakan ba. Lamuni a nan yana nufin wajabcin biyan abin da aka lalata ko diyyar wanda aka halaka. Waɗannan hukunce-hukunce malaman da suka fi kowa imani da ƙaddara ne suka rubuta su, kuma an gina su ne kacokan a kan hukuncin al'ada, domin abin da ya sa mai rijiyar ya ɗauki alhaki shi ne an saba cewa makaho ko mai tafiyar dare yana faɗawa ramin da ba shi da alama. Babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan kwalta babu fitila, sai 'yan rassan ganye da aka jera a bayanta, ta fi kusa da wannan rijiya fiye da yadda masu ita suke so su yarda, ko da yake yanke hukunci a kan wani haɗari na musamman aikin alƙali ne.

Sahabbai ma sun fuskanci tambayar sababi da ƙaddara a sigarta ta asali lokacin da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya sami labarin annoba a wani wuri da ake kira Sarg, ya yanke shawarar komawa Madina da jama'arsa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Amsar Umar ta nuna cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah, kamar yadda kiwo a gefen kwari mai ciyawa da kiwo a gefensa na fari duk da ƙaddara suke, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. A kan wannan fahimta, gyaran at da ya yi tsatsa da barinsa duk ba su fita daga abin da aka rubuta ba, bambancinsu yana wajen abin da za a tambayi mutum a kai.

Wannan ba ya nufin cewa kowane haɗarin da mutuwar fitila ta jawo yana da mai laifi, domin alhaki yana tsayawa ne a iyakar sani da iko, kuma Risala da kanta ta ɗauke lamuni a kan abin da dabba ta yi ba tare da wani aiki daga masu kula da ita ba. Zaren ƙwai yana da kwanakinsa, yana iya tsinkewa a tsakiyar tafiya ba tare da gargaɗi ba. Masu ƙera mota sun yi wa sigina dabara, ta yadda mutuwar ƙwai ɗaya take sa ragowar su ninka saurin ƙiftawa har direba ya ji sauyin a kunnensa, amma fitilar burki a yawancin tsofaffin motoci ba ta da mai ba da labari, sai mutum ya sa wani ya tsaya a baya yana taka masa feda, ko ya matsa kusa da bango da dare ya duba jan hasken ta madubi. Direban da ya yi wannan a tasha kafin ya ɗauki fasinja, sannan ƙwan ya ƙone bayan ya yi nisa, yana cikin waɗanda babu zargi a kansu, abin da ya same shi kuma ƙaddara ce a ma'anar da ake yi wa mutum ta'aziyya da ita. Amma daga lokacin da wani direba ya wuce shi ya yi masa nuni da hannu cewa bayansa duhu ne, sani ya riga ya same shi, kuma hukuncinsa ya koma na wanda ya sani, ko da saura kilomita kaɗan ya shiga gari.